Zan je Gwanzu karon farko: me ya fara tarbar ku ranar da kuka sauka?

Ɗan Kasuwar Dole

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na zauren ƴan Damagaram. Shawara nake nema. Kawuna da nake tsare wa shago, ciwon ƙafa ya hana shi tafiya bana, ya ce ni zan je Gwanzu ta ƙasar Sin in saro mana kayan salula da fitilun sola. Biza ta fito, tikiti yana hannu, saura kwana 12. Ni kuwa iyakar tafiyata Kano, sai Yamai sau biyu, na biyun ma saboda bizar ne. Ban taɓa taka jirgi ba. In na tambayi Kawu sai ya ce “in ka je ka gani”, shi ya saba har ya manta da yadda ranar farko take. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan doguwar tafiya ya faɗa mini yadda ake jure ta, da abin da ya fara tarbar sa da ya sauka ƙasar da ba tasa ba. Kwana uku ke nan barcina rabi da rabi.

Alhajin Zango

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba kawunka lafiya, kai kuma ya sa ka fita a sa'a. Tunda ya danƙa maka jarinsa, ya ga wani abu a wurinka, ka kwantar da hankalinka.

Tafiyar gaɓa uku ce, kuma wadda ta fi cin jiki ita ce wadda ka riga ka sani. Daga nan zuwa Yamai kilomita wajen 900 ne. A tashi tun kafin asuba, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogondutse, Doso, ga shingen jandarma ana sauka ana nuna takarda, ba ka ganin fitilun Yamai sai dare. A wannan bazara kuwa ka san yadda cikin mota yake. To kada ka yarda ranar isarka Yamai ta zama ranar tashin jirgi. Na ga wanda mota ta lalace da shi tsakanin Ƙonni da Dogondutse, yana duban agogo yana hawaye, jirgi ya tafi da kuɗinsa. Ka bar kwana biyu a tsakani, ka huce gajiya, ka sake duba takardunka ɗaya bayan ɗaya: fasfo, katin allurar shawara, da adireshin masauki a kan takarda da rubutun Shinuwa, wato mutanen Sin, kada ka dogara da salula kaɗai.

Ni ta Adis Ababa nake bi. Yamai zuwa can awa 5 zuwa 6. Garin a kan tudu yake, sama da mita 2,300, saboda haka ka sa rigar sanyi a jakar hannu. Ka baro zafin Afrilu, cikin dare sai ka ji kamar Janairu ta dawo. Daga can zuwa Gwanzu awa 10 da ɗoriya a zaune, gwiwa tana tokarar kujerar gaba. Ka roƙi kujerar bakin hanya don ka riƙa tashi kana miƙe ƙafa, dogon zaman nan yana iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, iskar cikin jirgi ta fi ta hunturu bushewa. In ya zo sauka kunne zai toshe, ka riƙa haɗiyar miyau kana hamma. Pawa bank a jakar hannu take tafiya. Turare ko mai da ya wuce mililita 100 kuma a cikin balis. Kilishi ka cinye abinka a Yamai, ba a shiga ƙasar Sin da nama. Yaji dai kada ka manta da shi.

Sun riga mu da awa 7. Ana kiran azahar a Birni, su sun yi isha'i. Daren farko da na biyu idonka zai bushe har kusan asuba, da hantsi kuma barci ya danne ka a tsakiyar ciniki. Kada ka biya kuɗin wani babban kaya kafin kwana biyu.

Abin da ya fara tarbata kuwa ruwa ne. Dogayen benaye na sha ganinsu a talabijin, ba su girgiza ni ba. Na shiga ɗakin otel a hawa na 14, na murɗa famfo zan yi alwala, ruwa ya zubo da ƙarfi har ya fantsamo mini a riga. Na murɗa ɗaya gefen, na zafi. Sai na tsaya riƙe da kan famfon. Daren da na baro gida, uwargida da yara sun raba dare a bakin famfon unguwa da jarkoki suna jiran ya kawo, ƴan ga-ruwa sun ninka kuɗi. Ni ga ni a saman bene, ruwa ya hau ya same ni. Na zauna bakin gado zuciyata ta yi nauyi, ranar ban iya cin abinci ba. Shekara 15 ke nan ina zuwa, har gobe in aka ce Gwanzu ƙarar famfon nan nake fara ji.

Malamin Lakkol

Alhaji, da girmanka, bari in sa baki, don kada yaron nan ya tafi da raina gida a zuciyarsa. Abin da ke damuna da matafiyanmu ke nan, mutum ya yi kwana goma a waje, ya dawo komai namu ya zama abin kunya. A kwatanta abin da ya kwatantu mana. Gwanzu tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,600 a shekara, ga babban kogi ya ratsa tsakiyarta. Mu daminarmu wajen milimita 400 ce, cikin wata uku. Garinmu a kan dutse yake zaune, duwatsun nan na Birni da muke hawa muna yara irinsu ne a ƙarƙashinmu, ba sa riƙe ruwa. Shi ya sa ake jawo shi daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Duk da haka a kan wannan dutsen Sarki Tanimun ya zagaye Birni da ganuwa, ayarin Damagaram ya riƙa kai fata da gashin jimina har Turabulus. Wanda ya rayu a nan ya cancanci yabo.

Alhajin Zango

Malam, wanda ya raina gida ba ya kasa cin abinci saboda tunaninsa. Yaro ya tambayi abin da ya fara tarbata, na faɗa masa.

Tsohon Ɗan Libiya

Ku gafarce ni manya. Tawa tafiyar ba ta jirgi ba ce, amma ita ma doguwa ce, kuma ƴan wannan gari da suka yi ta sun fi waɗanda suka hau jirgi yawa.

Daga nan zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisanat. Ran Litinin ayari ke tashi. Hilux ce, mu fiye da 20 a baya. An jera jarkoki da kaya a ƙasa, mu a kai, ƙafafu a waje, kowa da sanda a kafe tsakanin cinyoyinsa ya rungume ta, don in barci ya sace ka ka faɗi, ba lallai direba ya ji ihun mutane ba. Rawani a fuska, tabarau a ido. Rana ta gasa ka, dare ya zo da sanyin da ke shiga ƙashi. Dirku, Sigidin, Madama, Tumo, Gatrun, sannan Sabha. Kwana 5 muka yi saboda mota ta lalace mana sau biyu. A gefen hanya ka ga an jera duwatsu, na kusa da kai ya ce maka kabari ne, kowa ya yi shiru. A rana ta huɗu da murfin jarka ake auna mana ruwa.

Malamin Lakkol, ga abin da na fara gani da muka kusa Sabha. Gona ce kore shar a tsakiyar rairayi, wani dogon ƙarfe mai tayoyi yana zagayawa a hankali yana yi wa ciyawa feshin ruwa. Ciyawar dabbobi fa. Ni leɓena ya tsage yana jini, ga ruwa ana watsa wa ciyawa. Can kuwa sai a shekara ba a ga hadari ba, daminarmu ta fi tasu nesa ba kusa ba. Ƙasa suka tona. Tun 1984 suka fara shimfiɗa manyan bututu daga cikin hamada, suka kai ruwan har Turabulus da Bangazi. Saboda haka ni dai in aka ce mini ruwan sama ne ya bambanta mu, ba na gamsuwa.

Abu na biyu da ya tarbe ni kalma ce. Yaro ɗan shekara goma ya tsaya a ƙofar shago ya kira ni bawa da Larabci, ubansa yana tsaye bai tsawata masa ba. Na yi karatun allo, na gane abin da ya ce. Shekara uku na yi ina aikin gona da gini, na haɗu da mutanen kirki waɗanda suka biya ni hakkina har da ƙari, amma muryar yaron nan ba ta fita daga kunnena ba. Ƙanena, ka shirya wa irin wannan ko ina za ka.

Kuma don Allah duk mai ɗan'uwa da ke shirin bin sahara ya tuna masa Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, da dama daga yankin Kance. Mota ce ta lalace, ƙishirwa ta gama da su.

Malamin Lakkol

Allah ya jiƙansu. Na ji maganarka kuma ta taɓa ni. Amma Libiya da kuɗin fetur ta yi wannan aiki, mutanenta kuma wajen miliyan 7 ne kawai.

Ɗan Tanut

Malam, matatar mai ta Soraz tana kan hanyar garinmu tun 2011. Tankokin mai ta gabanmu suke wucewa, matanmu na tafe da jakuna neman ruwa. Mu ma ai muna da fetur ɗin.

Mai kula da zaure

Jama'a a yi haƙuri. Maganar ruwa da fetur tana da zafi, za mu buɗe mata wurinta daban. Yaro shawarar tafiya ya nema, a koma kanta.

Hajiyar Birni

Ɗana, Allah ya kai ka lafiya. Ni Makka kaɗai na taɓa zuwa, amma abin da na gani a jirgi zai amfane ka.

Tsofaffin da muka tafi da su, da yawa tun daga sansanin alhazai suka daina shan ruwa, wai don kada fitsari ya kama su a sama. Wata baiwar Allah kusa da ni ta matse fiye da awa biyar, jikinta har rawa yake, kunya ta hana ta magana. Ni na kama hannunta na kai ta, na nuna mata yadda ake ture ƙofar da yadda ake kulle ta. Da ta danna maɓallin ruwa, ƙarar ta firgita ta har ta yi salati. Kai ma ka sani tun yanzu, ƙara ce kawai. Ba buta a ciki, ka shiga da ƴar robar ruwanka. Matakalar nan mai tafiya da kanta kuma, ka tattare bakin rigarka, ka riƙe gefe, ka taka da ƙafa ɗaya kada ka tsaya shawara. Duk abin da ba ka gane ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya tarbe ni kuwa, in na ce Ka'aba kowa ya san haka. Na haddace addu'o'i wata biyu, da idona ya sauka a kanta ko ɗaya ban tuna ba, sai hawaye da sunayen iyayena. Amma akwai wani abu da ban yi tsammani ba. Kwana biyu da isarmu na fita neman abin da zan ci, abincin masauki ya ƙi karɓata. A wani lungu na ji an ce “Hajiya, ga tuwo da miyar kuka.” Mace ce ta manyanta, Hausarta irin ta kakata, da kalmomin da na rabu da ji tun ina yarinya. A Makka aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ta ce kakanta daga wajejenmu ya taso a ƙafa, ta Cadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana tsayawa yana aikin auduga ya sami guzuri, kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Ta riƙe hannuna tana tambaya wai har yanzu akwai ganuwa a Damagaram. Hanyar da ya ci shekaru a kanta, ni tsakanin azahar da isha'i na yi ta. Tun daga ranar ban ƙara cewa zaman jirgi wahala ba ne.

Ɗaliba a Istambul

Ina gaida iyayena. Yaya, ni shawarata kada ka yarda da abin da idonka ya nuna maka a satin farko, gajiya da kewa ne ke yi maka kallo.

A Disamba na sauka. Na fito daga filin jirgi iska ta mare ni, na ji kamar an watsa mini ruwan randa a fuska, rigar sanyin da na saya a Yamai ba ta yi komai ba. Gari ba ya wayewa sai bayan ƙarfe 8, ka fita makaranta cikin duhu ka dawo cikin duhu. A cikin bas kowa ya zuba mini ido, ba murmushi, ba magana. Na kira Inna ina kuka na ce mutanen nan ba sa son baƙar fata, zan dawo. Wata guda ina nan a kan haka.

Sai mura ta kwantar da ni. Wata tsohuwa a benenmu, wadda ta fi kowa kallona, ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon miya mai zafi da burodi. Ba ta jin Faransanci, ni lokacin Turkancina bai wuce gaisuwa ba. Ta zauna har na shanye, ta taɓa goshina, ta tafi. Kwana huɗu tana zuwa. Da na iya harshen ta ce mini tun ranar farko take son yi mini magana, tana ganin rigata ba ta da kauri, ta rasa yadda za ta faɗa. Ashe kallon ke nan. Ban ce duk mai kallo haka yake ba, na gamu da marasa kirki. Amma da na bi hukuncin satin farko da yanzu ina gida ba digiri.

Ɗan Mirya a Amurka

Ƙanwata ta yi gaskiya, sai dai ni nawa a juye ya zo. Da na sauka, kowa murmushi, kowa “yaya kake”, mai shago, direba, maƙwabci. Na ce lallai na faɗo cikin ƴan'uwa. Na ɗauka tambayar irin tamu ce, da za a tsaya a ji lafiyar gida da yara da gajiya. Kafin ka buɗe baki mutum ya wuce. Shekara biyu ina gida ɗaya ban ga cikin ɗakin maƙwabcina ba. Ba mugunta ba ce, haka rayuwarsu take, ba a zuwa wurin mutum sai an yi alkawari. Abin da ya fi damuna a watan farko shi ne shiru. Ba kiran salla, ba kukan akuya, ba almajiri a ƙofa, ba mai sallama. Da ba don ƴan Nijar da ke Girinsboro suna da yawa ba, ana haɗuwa ran Juma'a da wurin suna, da ban zauna ba. Saboda haka ganin farko yana ruɗi ta kowane gefe.

Alhajin Zango

Ƴata, na ji ki, kuma a kan mutane na yarda da ku biyun. Ba a sanin halin mutum a kwana bakwai. Amma a kan abubuwa ban yarda ba. Idon baƙo yana ganin abin da na ɗan gari ya daina gani. Yau in na je Gwanzu ina murɗa famfo ba tare da na ji komai ba, na saba. Wanda ya ji ciwon nan shi ne ni na ranar farko, kuma shi ne ya dawo ya haɗa kai da maƙwabta muka sayi tanki a layinmu. Ɗana, ka sayi ƙaramin littafi, duk abin da ya ba ka mamaki a kwana ukun farko ka rubuta, don a na huɗu ka fara daina ganinsa.

Sauran abin da ya kamata ka sani. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki can kai tsaye, WeChat suke amfani da shi, ka sauke shi tun a Yamai ka sa wa kawunka ma. Kusan komai da salula ake biya, WeChat ko Alipay, har mai sayar da lemo a bakin titi, amma ka riƙe ƴan yuwan, kuɗin ƙasar, a aljihu. Ba kowane otel ke karɓar baƙon waje ba, kuma doka ce a yi maka rajista wurin ƴan sanda cikin awa 24, otel ne ke yi in a otel ka sauka. Fasfonka kada ya rabu da jikinka, ana tsayar da mutum a tambaya. Ranar ƙarewar biza kuma ka rubuta ta inda za ka riƙa gani, kwana ɗaya ka ƙara tara ce. Tafiyarka ta faɗo daidai babban baje kolin Kanton da ake buɗewa tsakiyar Afrilu, ɗakuna za su yi tsada, ka tabbatar da naka tun yanzu.

Unguwar da za ka nema ita ce Shawbe, nan ƴan Afirka suke taruwa, ko da yake sun ragu sosai, musamman bayan 2020 da aka fitar da baƙaƙe da dama daga gidajen haya lokacin korona. Akwai musulmin ƙasar masu farar hula da ke jan taliya da hannu, abincinsu halal ne. In an ba ka ruwa za ka ji shi da zafi, haka suke sha. Ciniki da kalkuleta ake yi, ya danna ka danna. Kada ka bi dillalin da ya tare ka a hanya don kawai ya yi maka Hausa. Wani ya taɓa kai ni shago ya ɗora nasa a kan kowane kwali, sai a tafiya ta biyu na gane. Ka kira ni a keɓe in haɗa ka da mutumin da nake hulɗa da shi, da ɗan gari kan ci gari. Ran Juma'a kuma ka je masallacin da kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake, za ka ga musulmi na kowace ƙasa.

Malam na Garin Malam

Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Gyara ɗaya: mutanen can suna danganta kabarin ga Sa'adu, Allah ya yarda da shi, amma malaman tarihi sun tabbatar da cewa a Aƙiƙ ya rasu, kusa da Madina, aka ɗauko shi aka rufe a Baƙi'a. Ka je ka yi Juma'arka, masallaci ne, Musulunci kuma ya daɗe ƙwarai a garin ta hanyar fataken teku. Sai dai kada ka ƙudurta abin da bai tabbata ba.

Batun salla, tun da ka fita daga gidajen Damagaram kai matafiyi ne, azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu. In ka isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, a mazhabarmu ta Malikiyya sai ka cika. Ka shiga jirgi da alwala. Lokacin salla kuma na inda kake ne, ba na agogon hannunka ba. Mai tafiya gabas darensa gajere ne, in kun tashi cikin dare alfijir zai riske ku da wuri fiye da yadda jikinka ke zato, ka riƙa leƙa taga. In ka sami wurin tsayuwa ka tsaya, in ba hali ka yi a zaune gwargwadon iko, kada ka bar lokaci ya fita. Ka je ka yi sallama da mahaifiyarka a tsanake, ka biya ƙananan basussukan da ke kanka kafin ka tashi.

Ɗan Kasuwar Dole

Na gode iyayena, Allah ya bar zumunci. Na karanta komai sau biyu, na karanta wa Inna na Hajiya. Na shirya isa Yamai kwana biyu kafin ranar jirgi kamar yadda Alhaji ya ce. Na sayi littafin. Jibi da asuba in sha Allahu.

Ɗan Kasuwar Dole

Assalamu alaikum. Na sauka lafiya, alhamdu lillahi. Mutumin Alhaji ya tarbe ni, shi ya gyara mini salula har na iya shigowa nan. Yanzu ƙarfe 3 na dare, ku kuna 8, idona a bushe.

Da jirgi ya ɗaga daga Yamai na riƙe hannun kujera ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai na hango kogin Isa ya zama kamar zare, daga nan tsoro ya sake ni. Sanyin Adis gaskiya ne. Hajiya, na tuna da ke a bayan gidan jirgi, kuma na nuna wa wani dattijo yadda ake buɗe ƙofar.

Abin da na fara rubutawa a littafin iska ce. Ƙofar filin jirgi na buɗewa na ji kamar na sa fuska a kan tukunyar dambu, ɗumi da laima, rigata ta manne a jiki. Ana ruwan sama. Tun daga filin jirgi har masauki ana yi, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi, ba yaro ko ɗaya da ya fito. Yana bin kwalta yana shigewa rami. Na tuna ranar da na taso, awaki sun taru a inuwar katangarmu suna haki, ƙanwata ta tafi da jarka biyu tun kafin in fita.

A cikin jirgin ƙasa wata mata ta ja ɗanta ta matsa da na zauna. Abin ya sosa mini rai, amma na tuna maganar ƙanwarmu ta Istambul, ban rubuta shi ba tukuna.

Baba Alhaji, na murɗa famfon. Na tari kofi ɗaya na rufe, da shi na yi alwala, hannuna ya ƙi barinsa yana zuba. Don Allah wanda ke kusa da gidanmu ya leƙa ya ce wa Inna na ci abinci, salularta ba ta shiga.

Hajiyar Birni

Alhamdu lillahi. Na aiki jikana yanzu, gidanku ba nisa. Ta ce a gaya maka famfo ya kawo jiya da dare, sun cika randuna.

Alhajin Zango

Barka da sauka ɗana. Ka kashe fitila ka kwanta ko barci bai zo ba. Mutumin zai zo ƙarfe 10 ya zagaya da kai. Yau kallo kawai za ka yi, ka rubuta farashi, kada ka ba kowa ko yuwan ɗaya.